Sarkin Musulmi Bello da littattafansa na magani

An fi tuna Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da mulki da kuma Infaƙul Maisuri, tarihin jihadin da ya rubuta a 1812. Ba kasafai ake ambaton rubuce-rubucensa kan lafiyar jama'a ba.

An haife shi a 1781, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Duk da yaƙe-yaƙe bai ajiye alƙalami ba, har ya bar littattafai fiye da 100 da Larabci. Cikinsu akwai na ciwon ido, da na basir, da wani kan filasko da yadda ake shan sa don wanke ciki. Tsirrai irin wannan ne cibiyar NIPRD ke tantancewa yau a Idu. Da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya nemi Ingila ta aiko masa da likita.

A zamaninsa, yawan masu kwafar littafi da hannu ne ma'aunin tasirin malami, kuma ta hannunsu ayyukan suka iso ga masana irin su Ismail Abdalla, wanda ya nazarce su a littafinsa na 1997. Bello ya rasu a Wurno a 1837.