Gwamna Lugga da Ruwan Kogin Kaduna

An haifi Frederick Lugard, wanda kakanninmu suka sani da Gwamna Lugga, a Madras ta ƙasar Indiya a 1858. Sojojinsa ne suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, lamarin da ba mu manta ba. Ya riƙe gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, har ya assasa jami'a a can. Da ya dawo Nijeriya, sai ya zaɓi Kaduna ta gaji Zungeru a matsayin hedkwatar Arewa, saboda hanyar jirgin ƙasa da wadatar ruwa. Aka tare a 1917. Wannan kogi da ke wucewa ta gefen Unguwar Rimi, shi matatar Malali ke tace wa jama'ar birnin. Lugga ya mutu a Ingila a 1945.