John Lennon: Rayuwarsa da waƙoƙin da masoya Beatles suka fi ƙi

A ranar 25 ga Nuwamban 1969, John Lennon ya mayar wa Fadar Buckingham lambar yabo ta MBE da Sarauniya Elizabeth ta ba shi a 1965. Dalilai uku ya bayar a wasiƙarsa: hannun da Birtaniya ta sa a yaƙin basasar Najeriya, goyon bayan da take bai wa Amurka a yaƙin Vietnam, da kuma yadda waƙarsa Cold Turkey ke komawa baya a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Na ukun ba'a ce, amma ta taɓo wani abu da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato saɓanin da ke tsakanin abin da yake son rerawa da abin da masoyansa ke son ji.

An haife shi a Liverpool da ke Ingila ranar 9 ga Oktoban 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa Alfred ma'aikacin jirgin ruwa ne da bai cika zama gida ba, don haka yayar mahaifiyarsa, Mimi Smith, ita ta riƙe shi. Yana ɗan shekara 17 mota ta kaɗe mahaifiyarsa Julia ta rasu, a 1958.

Shekara guda kafin wannan rashi ya haɗu da Paul McCartney a wani bikin coci a unguwar Woolton. George Harrison ya shigo cikinsu a 1958, suka ɗauki sunan Beatles a 1960, sannan makaɗin ganga Ringo Starr ya cika su huɗu a 1962. A Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. Sai dai a 1966 wata magana da Lennon ya yi, inda ya kwatanta farin jinin ƙungiyar da na Annabi Isa (AS), ta sa aka riƙa ƙona faya-fayansu a kudancin ƙasar. A watan Agustan shekarar suka yi wasansu na ƙarshe na yawon ƙasashe a San Francisco, suka koma aikin situdiyo kaɗai.

Daga wannan zaman situdiyo ne aka samu Revolution 9, wadda ta fito a 1968 a kundin da ake kira White Album. Tsawonta ya haura minti takwas, kuma babu amshi ko karin da mai sauraro zai bi. Guntayen muryoyi ne da kaɗe-kaɗe da hayaniya aka yayyanka daga tef aka harhaɗa, wasu ma an juya su baya. Lennon ya yi aikin ne tare da Harrison da Yoko Ono, 'yar Japan mai fasahar zamani da ya aura a 1969. McCartney da mai tsara musu sauti George Martin sun so a cire ta daga kundin, Lennon ya kafe. Har yau tana sahun gaba a duk lokacin da masoya ƙungiyar suka zauna lissafa waƙoƙin da suke tsallakewa, ko da yake akwai masana kiɗa da ke ganin ta kai wa talakan mai sauraro wani salo da a da sai a zauren ƙwararru ake jin sa.

Shi kansa yana da waɗanda ya ƙi. Bai ɓoye ƙyamarsa ga Ob-La-Di, Ob-La-Da ta McCartney ba, waƙar da aka aro sunanta daga bakin Jimmy Scott, wani makaɗin ganga ɗan Najeriya mazaunin Landan. Haka ma Maxwell's Silver Hammer ta 1969, wadda bai sa hannu a naɗarta ba, kuma Harrison da Starr suka yi ƙorafin yawan maimaita ta da McCartney ya sa su yi. Cikin nasa kuwa, ya nuna nadamar rubuta Run for Your Life ta 1965, wadda a cikinta namiji ke yi wa mace barazanar kisa saboda kishi. A shekarar mutuwarsa ya amsa da bakinsa cewa ya taɓa dukan mata a ƙuruciyarsa, kuma ya yi da-na-sani.

Bayan watsewar Beatles a 1970, ya fitar da Imagine a 1971, ta karɓu ƙwarai, ya koma New York da zama. A 1972 ya biyo da Some Time in New York City, kundin da siyasa ta cika shi fal. Masu sharhi suka yi masa ca, kuma bai wuce mataki na 48 ba a Amurka. A lokacin gwamnatin Richard Nixon na neman korarsa daga ƙasar saboda adawarsa da yaƙin Vietnam, shari'ar da ta ja har ya samu takardar zama ta dindindin a 1976.

Da aka haifi ɗansa Sean a 1975, sai ya jingine waƙa na shekara biyar yana renonsa. Ya dawo a Nuwamban 1980 da Double Fantasy, inda ya raba waƙoƙin da matarsa kusan rabi da rabi. Sharhin farko bai yi masa daɗi ba, musamman a Birtaniya. Mako uku bayan fitowarsa, a daren 8 ga Disamba, wani mutum mai suna Mark David Chapman ya harbe shi a ƙofar ginin Dakota inda yake zaune. Ɗazu da yamma Lennon ya sa masa hannu a kan kwafin wannan kundi. Ya rasu yana da shekara 40.

Bayan rasuwarsa Double Fantasy ya hau mataki na ɗaya a Amurka da Birtaniya, kuma a 1982 ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara. Yoko Ono ce ta karɓa, tare da Sean mai shekara shida a gefenta.