ZUBAIDA: MATAR DA TA SHAYAR DA MAKKA

 Kin san dai halin da gida kan shiga in famfo ya ɗauke, rijiya ta ƙafe, mai garuwa kuma ya ƙara kuɗi. Girki ya tsaya, wanki ya taru, alwala ma sai an tsimi ruwa. To a wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wata baiwar Allah da ta ga irin wannan ƙunci a Makka, ta ƙi kau da kai.

Sunanta na yanka Amatul Aziz, 'yar Ja'afar ɗan Halifa Mansur. Kakanta Mansur ne ya laƙaba mata Zubaida tun tana yarinya, wato ɗan curin man shanu, saboda kyawun jikinta. Ta auri ɗan baffanta Haruna Rashid wajen shekara ta 165 bayan Hijira, kafin ya zama halifa a Bagadaza. Masu tarihi sun ruwaito cewa tana da kuyangi 100 mahaddata Alƙur'ani, har wanda ya wuce ta fadarta yakan ji sautin karatu kamar kukan ƙudan zuma.

Da ta je aikin Hajji, ta tarar ruwa ya yi wa mutanen Makka da alhazai wuya, har salkar ruwa ɗaya takan kai dinari guda. Talaka ina zai samu? Nan ta tara magina da masana ƙasa ta umarce su su jawo ruwa daga idanun ruwan da ke tsaunukan Hunaini da Wadi Nu'uman. Ma'ajinta ya tsorata da yawan kuɗin, ita kuwa ta nuna masa a yi aikin ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Ai kuwa aka fasa duwatsu, aka gina magudana, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa wani wuri a sama, ruwa na gangarowa da kansa har Arfa. Shi ne ake kira Ainu Zubaida. Ya shayar da alhazai fiye da shekara 1,000, ana yi masa gyara lokaci-lokaci.

Ba ta tsaya nan ba. Hanyar alhazai daga Kufa ta ƙasar Iraƙi zuwa Makka, mai tsawon kusan kilomita 1,400 cikin hamada, ta sa an yi mata rijiyoyi da tafkunan tara ruwan sama da masaukai. Har yau sunanta hanyar take amsawa, Darbu Zubaida, kuma kufan tafkunan na nan a Saudiyya.

Kada ki ɗauka rayuwarta duk daɗi ce. Mijinta ya rasu a 193, bayan shekara biyar aka kashe ɗanta Halifa Amin a yaƙinsa da ɗan'uwansa Ma'amun. Ta yi haƙuri, ba ta nemi fansa ba, ta zauna lafiya da Ma'amun har Allah ya karɓi ranta a Bagadaza a 216.

Na san za ki ce ita matar sarki ce, mu fa? Gaskiya ne. Amma in matan unguwa ko na Islamiyya suka haɗa adashi, gyaran burtsatse ɗaya da ta lalace bai fi ƙarfinsu ba. Randar da kika ajiye a ƙofar gida don masu wucewa ma sadaka ce. Allah ya jiƙan Zubaida, ya sa mu ma mu bar abin da za a riƙa yi mana addu'a bayan ba mu, amin.