Tomas Navarro Tomas, malamin da ya yi gudun hijira da kundin lafazin Sifaniyanci

Da wuya ɗalibi ya karanci furucin harshen Sifaniyanci a jami'a bai ci karo da sunan Tomas Navarro Tomas ba. Littafinsa mai suna Manual de pronunciación española, wanda ya fito a shekarar 1918, an yi ta sake buga shi shekaru da dama, kuma har yau malamai na komawa gare shi.

An haife shi ranar 12 ga Afrilun 1884 a garin La Roda da ke lardin Albacete a ƙasar Sifaniya. Ya yi karatu a hannun masanin harshe Ramon Menendez Pidal a birnin Madrid, sannan ya je Faransa da Jamus ya koyi auna sautin magana da na'ura. Da ya dawo, sai ya jagoranci ɗakin gwajin furuci a Cibiyar Nazarin Tarihi ta Madrid.

A wannan ɗaki ba a dogara da kunne kaɗai. Mutum zai yi magana, allura ta zana motsin muryarsa a kan takarda mai baƙin hayaƙi, ko a saka masa ganɗar roba a baki don a ga inda harshe ya taɓa. Da irin wannan bincike ya bayyana wa masu koyo cewa b da v furucinsu ɗaya ne a Sifaniyanci, kuma b da d da g suna laushi idan suka faɗo tsakanin wasula. Ya kuma fayyace bambancin r guda biyu da ke raba pero, wato amma, da perro, wato kare. Bahaushe ba zai sha mamaki ba, domin shi ma r biyu gare shi.

Babban aikinsa shi ne taswirar karin harsunan Sifaniya da Fotugal. Daga 1931 ɗalibansa suka bazu ƙauyuka suna rubuta yadda manoma da makiyaya ke furta kalmomi, aikin da ya shafi wurare fiye da 500. Ana cikin haka yaƙin basasa ya ɓarke a 1936. Ya tsaya tare da gwamnatin jamhuriya, wadda ta damƙa masa shugabancin ɗakin karatu na ƙasa.

Da dakarun Janar Franco suka yi galaba a 1939, ya ƙetara Faransa, daga nan ya wuce Amurka, inda ya koyar a Jami'ar Columbia da ke New York. Littattafan rubutun ƙauyukan suka bi shi can, ya adana su fiye da shekara goma kafin ya miƙa su ga tsofaffin ɗalibansa su mayar gida. A 1962 aka buga juzu'i na farko na taswirar, kuma shi kaɗai ya fito a rayuwarsa.

A zaman hijira ya wallafa littafi kan hawa da saukar murya a 1944, da wani kan Sifaniyancin tsibirin Puerto Rico a 1948. Ya rasu ranar 16 ga Satumban 1979 a garin Northampton na Amurka yana da shekara 95, ba tare da ya sake taka ƙasarsa ba.