Granville Woods, maƙerin lantarki da ya sha shari'a kan abin da ya ƙirƙiro

Duk mai kuran a gida ya san na'urar nan da ke yanke wuta da kanta idan wayoyi suka haɗu ko kaya suka yi wa layi yawa. Cikin waɗanda suka fara aiki a kanta akwai wani baƙar fatan Amurka, Granville Woods, wanda ya samu takardar mallakar irin wannan na'ura a shekarar 1889.

An haife shi ran 23 ga Afrilu 1856 a birnin Columbus na jihar Ohio. Bai yi nisa a makaranta ba, tun yana yaro ya shiga koyon ƙira da gyaran injuna, daga baya ya yi aiki a jirgin ƙasa. A can ya ga yadda jirage ke karo da juna, don direba bai san inda ɗan'uwansa yake ba. Sai ya ƙirƙiro hanyar aika saƙo tsakanin jirgi mai tafiya da tasha.

Ana cikin haka ciwon agana ya kwantar da shi. Daga baya wani mai suna Lucius Phelps ya riga shi kai irin wannan fasaha ofishin rajista. Aka yi ta ja-in-ja. Woods ya kawo zane-zanensa da shaidu, hukuma ta tabbatar shi ya fara, ya karɓi takardarsa a 1887.

Rigima ba ta ƙare nan ba. A 1892 ya zargi abokin harkarsa James Zerbe da sace masa fasahar jirgin lantarki. Zerbe ya kai shi kotu kan ɓata suna, har aka tsare shi saboda rashin kuɗin beli, amma daga ƙarshe kotu ta wanke shi.

Ya mallaki takardun ƙirƙira sama da 50, manyan kamfanoni irin su Bell da General Electric sun sayi wasu. Sai dai kuɗin lauyoyi ya cinye yawancin abin da ya samu. Ya rasu a New York ran 30 ga Janairu 1910, ba shi da wata dukiya. Kabarinsa ya zauna babu ko alama har 1975, lokacin da aka kafa masa dutse mai ɗauke da sunansa.