Dokta Mila na Zariya: Likitan da Ya Sanya Labarin Halitta da Zunubi a Bakin Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya wuce ta gefen majami'un Gwagwalada da ake sujada da Hausa ranar Lahadi, zai ji ana ambaton Allah, da halitta, da zunubi, da ceto. Da yawa daga cikin masu wannan sujada Hausa ba harshen iyayensu ba ce, amma da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu ɗaliban Hausa mu san mutumin da ya jagoranci fassarar farko ta littafin gaba ɗaya.

Rayuwarsa

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Dokta Mila, a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya shigo ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya koyi harshen a wurin Hausawa mazauna can. A 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano, amma Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, suka koma Girku. Daga baya ya zauna cikin birnin Zariya yana magani yana koyarwa, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Ya rasu a 1952.

Aikin Fassara

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan Mila ya yi shekaru yana aikin tare da Hausawan da suka karɓi Kiristanci da wasu 'yan mishan. A ganina, babbar wahalar aikin ba ta nahawu ba ce. Kalmomin da ake bukata sun riga sun zauna a Hausa ta hanyar Musulunci, kowace da ma'anarta.

Littafin Farawa ya nuna cewa Allah ya halicci duniya cikin kwana shida, ya yi mutum cikin kamanninsa, kuma duk abin da ya yi mai kyau ne. Da Adamu da Hawwa'u suka ci daga itacen da aka hana su, sai zunubi da mutuwa suka shigo duniya. A koyarwar da Mila ya taso a cikinta, wannan faɗuwa ta shafi zuriyarsu duka. Ana haihuwar mutum da karkata zuwa saɓo, kuma ba ya iya wanke kansa sai ta wurin Almasihu. Augustine, malamin Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, shi ne ya fi fayyace wannan aƙida.

Shi kuwa Bahaushe Musulmi, ya san Annabi Adamu ya tuba an kuma yafe masa, yaro yana zuwa duniya da tsarki, kuma kowa zunubinsa yake ɗauka. Ke nan kalma ɗaya, zunubi, ga mai wa'azi hali ne da aka gada, ga mai sauraro kuwa aiki ne da aka aikata. Duk da haka ba a ƙago sababbin kalmomi ba, an riƙe waɗanda jama'a suka sani.

Kammalawa

Musulmin da Mila ya jawo zuwa addininsa ba su da yawa. Amma makarantar mishan ɗinsa ta yaye mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, fassarar kuma ta bazu cikin ƙabilun da ba Hausawa ba. Darasin da nake ganin ya rage mana shi ne, mai fassara ya binciki abin da kalma ke nufi a kunnen mai sauraro kafin ya ɗora mata sabon kaya. Rashin yin haka kan sa maƙwabta biyu su yi ta gardama, alhali ba abu ɗaya suke nufi ba.