Marigayi Ishaya Audu: Likitan Da Ya Buɗe Wa 'Yan Arewa Ƙofar Koyarwa A Jami'a

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ran 4 ga Oktoba, 1962, ɗalibanta 426 ne, malamanta kuwa kusan dukkansu baƙi ne daga ƙasashen waje. Cikin 'yan ƙasa ƙalilan da ke koyarwa akwai Dokta Iya Abubakar, masanin lissafi. Mutumin da ya sake wannan hali shi ne Shehun Malami Ishaya Shu'aibu Audu.

An haife shi a Anchau cikin 1927. Ya yi karatun farko a makarantar mishan ta Wusasa, daga nan ya wuce Kwalejin Yaba da ke Ikko, ya zarce Badun, sa'an nan ya ƙarasa ilmin likita a Landan. Ya ƙware a kan cututtukan yara, ya yi aiki da Gwamnatin Jihar Arewa har ya zama likitan Sardauna, daga bisani ya koma koyarwa a Jami'ar Ikko.

Cikin 1966 ne aka ɗora masa shugabancin jami'ar, ya gaji Sir Norman Alexander, masanin kimiyya mutumin New Zealand. Shi ne ɗan Nijeriya na farko a wannan kujera, bai kuwa cika shekara arba'in ba. Ya zo a mugun lokaci. An kashe Sardauna a watan Janairu, tarzoma ta biyo baya, malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka kwashe suka tafi, baƙin malamai kuma hankalinsu ya tashi. Sashen kimiyya da na injiniya su suka fi jin jiki, domin ba a yin malamin injiniya cikin dare ɗaya.

Ishaya Audu ya lura cewa ciwon daga tushe yake. Makarantun sakandare na Arewa ba su da yawa, masu ɗakin gwaje-gwaje na kirki kuwa sun fi ƙaranci. Saboda haka a zamaninsa aka kafa makarantar share fage a cikin jami'ar, inda ake karɓar yara daga sakandare a gyara musu lissafi da kimiyya kafin su shiga karatun digiri. Waɗanda suka yi zarra a digirin kuma sai a riƙe su a matsayin ƙananan malamai, a tura su Ingila ko Amurka su ƙaro ilmi, su komo su kama alli. Wannan hanya tana da jinkiri, ga kuma gwamnatocin sababbin jihohi suna zawarcin waɗannan samari da muƙami da mota, amma ita ce ta haifar da manyan malaman Arewa na farko a fannonin nan.

Mutanen Kano ma sun ci moriya, gama Kwalejin Abdullahi Bayero tana ƙarƙashin Zariya a duk tsawon mulkinsa, kafin ta zama cikakkiyar jami'a cikin 1977.

Ya sauka cikin 1975, wanda ya gaje shi kuwa shi ne Iya Abubakar ɗin nan. Cikin 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Azikiwe a jam'iyyar NPP, ya kuma riƙe Ministan Harkokin Waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Bayan juyin mulkin 1983 sojoji sun tsare shi. Da aka sake shi sai ya koma Samaru ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa. Ya rasu cikin Agusta, 2005, yana da shekara 78.